Matakan Gyara Sandar Giyar da Ta Yi Lako-lako a Tsohuwar Golf

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Golf ya san wannan ciwo. Ka kama sandar giya ka ji tana yawo a hannunka kamar muciya a tukunyar da babu tuwo, kana neman giya ɗaya ka faɗa uku, ga motoci a bayanka suna ta danna ham. Abin da ke ɓata mini rai shi ne saurin da ake yi a ce wa mai mota sai an sauke giyabos. Sau da yawa giyabos lafiyarsa lau, ƴan robobi ne suka cinye a waje.

Golf 2, wadda aka fara ƙerawa a 1983, da Golf 3 ta 1991, irin masu injin 1.8, da sandunan ƙarfe suke isar da motsin hannunka zuwa giyabos. A kowace mahaɗa akwai bushin ko ƙwallon roba, kuma motar da ta haura shekara 25 tana shan zafin salansa da ƙurar hunturu dole robarta ta ƙeƙashe. Ɗan sako-sako a mahaɗa huɗu ko biyar, kafin ya iso tafin hannunka ya zama babban gibi. Mai injin VR6 kuwa da kebur take aiki, nata gyaran daban ne.

Mataki na farko, gano inda wasan yake. A nan aikin yake, kada ka yi garaje. Ka kashe mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ka ja hambirki, ka bari salansa ta huce. Sa yaronka ya zauna ciki, ya saka giya uku, ya riƙa kaɗa sandar hagu da dama a hankali, kai kuma ka buɗe bonet ka leƙa bayan inji da tocila. Bi motsin da ido tun daga doguwar sandar da ta fito daga ƙarƙashin mota har zuwa hannun da ke jikin giyabos. Inda ka ga ƙarfe ɗaya ya motsa amma na gaba da shi bai motsa ba, ga ɓarawon nan. Ɗora yatsa a mahaɗar, za ka ji ƙas-ƙas ɗin da ido bai gani ba. Wuraren da suka fi ci su ne ƙwallon robar da ke juyawa cikin bakin ƙarfe, da kawunan gajerun sanduna biyu, da bushin ɗin da doguwar sandar ke ratsawa kusa da rak ɗin sitiyari.

Na biyu, sayo kaya. Tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko duk kasuwar sifaya da ke kusa da kai. Shawarata ka sayi saitin gaba ɗaya kuma sabo. Robar da aka ciro daga matacciyar mota tsarar taka ce, ba za ta kai ka ko'ina ba.

Na uku, kafin ka taɓa komai ɗauki hoton yadda sandunan suke da wayarka. Akwai maƙalar da ta damƙe doguwar sandar da noti mai lamba 13. Yi mata alama da fenti ko ka karce da ƙusa, a tsaye da a kwance, domin ita ce ke riƙe da saitin giyar duka. In aikin ya kai ga shiga ƙarƙashi, don Allah kada ka dogara da jak kaɗai. Tokare motar da ƙafar ƙarfe, ka sa dutse a bayan taya.

Na huɗu, canjin kansa. Ɓalle makullin kawunan sandunan da sukundireba, ka zare su ɗaya bayan ɗaya, kana sa sabuwa a gurbin tsohuwa don kada su rikice maka. Wanke ƙarafan da kananzir ka goge tas. Idan sabon bushin ya ƙi shiga, jefa shi cikin ruwan zafi na ƴan mintuna, zai yi laushi ya shige da matsin babban yatsa. Guduma fasa shi za ta yi. Shafa giris kaɗan. Baƙin mai da wasu ke tsiyayawa a wurin yashi yake tarawa, ya zama kamar samfefa yana cin robar. Haka ɗaurin waya ko robar tif: sati biyu ya kwance, wataƙila a tsakiyar hanya.

Na biyar, mayar da maƙalar daidai kan alamarka, giya na firi, ka ɗaure. Taka kulochi inji a kashe, ka bi giyoyin nan biyar da ribas. Lura da kyau a nan. A Golf ribas maƙwabciyar giya ɗaya ce, sai an danna sandar ƙasa ake shigarta. In ka ga tana shiga ba tare da dannawa ba, saitin ya goce, kuma haka ake afka wa motar baya a danja. Sassauta notin, juya sandar kaɗan, ka sake gwadawa har sai ɗaya da biyar sun shiga ba gardama.

In har yanzu akwai saura, ɗaga fatar da ke gindin sandar a cikin mota ka duba ƙwallon da take zaune a kai. Idan kuma sandar na zabura duk lokacin da ka taka totur ko ka saki, injin sit ne ya mutu, a canza shi. Amma giyar da ke gurza haƙora ko take fita da kanta bayan ka yi duk wannan, matsalarta na wajen kulochi ko cikin giyabos, ka kai wa bakaniken da ya ƙware a giya.