Darasi na Bakwai: Tambarin Kare Muhalli a Kan Kayan Abinci da Tasirinsa ga Manomi

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan tambarin da ake bugawa a jikin kayan abinci domin shaida cewa an noma su ba tare da cutar da muhalli ba. Za a dubi yadda wannan ɗan tambari yake shafar manoman riɗi da wake na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram.

2.0 Ma'anar Tambarin

Tambarin kare muhalli alama ce da wata hukuma mai zaman kanta take ba da izinin amfani da ita bayan ta binciki gona da rumbu. Misali, ƙungiyar Rainforest Alliance, wadda aka kafa a 1987, tana amfani da hoton koren kwaɗo. Ita kuwa Tarayyar Turai, tun daga 2010 take amfani da hoton ganye da aka zana da taurari 12 ga amfanin gonar da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi na sinadari ba. Kafin a ba gonar riɗi wannan shaida, sai ta shekara 2 tana bin ƙa'idojin.

3.0 Tafiyar Buhu Daga Gona Zuwa Ƙetare

A bisa al'ada, manomi yakan kai 'yan tiyoyinsa kasuwa, kamar ta Sara da ke Gwaram. A nan dillali yake haɗa kayan mutane da yawa a buhu ɗaya. Daga nan sai a yi lodi zuwa Dawanau a Kano, a tsabtace, sannan a wuce da shi tashar jirgin ruwa ta Legas. To, a wajen wannan gauraye ne matsala take, domin kuwa sharaɗin tambari shi ne a iya bin sawun kowane buhu har gonar da ya fito. Da zarar an cakuɗa, asalinsa ya ɓace.

Abin da ya sami waken Nijeriya ya isa ishara. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga ƙasar nan saboda yawan maganin ƙwari na piya-piya da aka samu a cikinsa, kuma aka yi ta tsawaita hanin. Da wanda ya zuba maganin da wanda bai zuba ba, duk hukuncin ya hau kansu. Lalle wake ɗaya ya ɓata gari.

4.0 Amfani da Ƙalubale

Kayan da ke ɗauke da tambari sukan sami farashi mai kyau da mai saye tabbatacce, ƙasar noma kuma ta huta da guba. Sai dai kuɗin bincike ya fi ƙarfin mai gona ɗaya, ga wahalar noman hannu da neman taki na gargajiya. Saboda haka ne aka yarda ƙananan manoma su yi ƙungiya su nemi shaida ɗaya, muddin kowa zai riƙa rubuta ranar shuka da irin takin da ya zuba da yawan abin da ya girba.

5.0 Kammalawa

Ke nan, manomin da ba ya ajiye bayani a rubuce ba zai shiga wannan kasuwa ba, komai kyan riɗinsa. Nan ne aikin malamin Hausa ya shigo: yaron da ya naƙalci karatu da rubutu shi ne zai riƙe wa mahaifinsa littafin gona.

Auna Fahimta

1. Mene ne tambarin kare muhalli?
2. Ta yaya gauraya kaya a kasuwa yake hana manomi samun tambari?
3. Tsara wa 'yan aji 6 na firamare jadawalin littafin gona da Hausa.