Darasi na 14: Ɗaga Murya a Waƙa da Kula da Lafiyar Maƙogwaro

Murya ita ce jarin mawaƙi. Makaɗi yakan sake fatar kalangu idan ta fashe, ko ya ɗaura wa kuntigi sabuwar tsirkiya, amma babu kasuwar da ake sayen sabon maƙogwaro. Masu koyon waƙa da yawa sukan yi wa wannan jari illa tun a farkon tafiya, domin suna zaton da ƙarfi ake ɗaga murya. Hakan kuwa kuskure ne, kamar yadda za a gani.

Yadda murya take samuwa

A cikin maƙogwaro akwai waɗansu tantani guda biyu da masana ilimin furuci ke kira tantanin maƙwallato. Idan iska ta taso daga huhu ta bi ta tsakaninsu, sai su riƙa kaɗawa, daga nan murya take samuwa. Tun a shekarar 1854 wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifaniya, Manuel Garcia, ya ga yadda nasa suke motsi ta hanyar amfani da ɗan madubi da hasken rana. A magana ta yau da kullum, tantanin namiji baligi yakan kaɗa kimanin sau 120 a daƙiƙa guda, na mace kuwa kimanin sau 200.

Murya tana hawa ne idan wata tsoka ta ja tantanin ya miƙe ya yi siriri, tamkar yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata domin sautin ya tashi. Mai koyon Hausa ma yana yin haka kullum. Kalmar "kuka" ta zubar da hawaye tana da karin sama a gaɓoɓinta biyu, ita kuwa "kuka" ta itace karinta sama ne sannan ƙasa. Babu wanda ke yin ihu kafin ya bambanta su. Ashe ke nan tsayin murya daban, ƙarfinta daban.

Illar tilasta wa murya

Wanda ya tura iska da ƙarfi, ya ɗaure wuya, ya ɗaga haɓa, yana sa tantanin nan biyu su riƙa gwabzuwa da juna. Da farko sukan kumbura, murya ta dishe. Idan aka ci gaba, sai wurin ya yi kanta irin ta hannun manomi, wani lokaci ma jijiya ta fashe. Ko shahararru ba su tsira daga ciwon murya ba. A 2011 mawaƙiyar Ingila, Adele, ta soke wasanninta aka yi mata tiyata a birnin Boston saboda zubar jini a tantanin. Ita kuwa Julie Andrews ta rasa muryarta ta waƙa bayan tiyatar da aka yi mata a 1997.

Matakan koyo

Da farko, mai koyo ya tsaya a miƙe, kafaɗunsa a sake, ya shaƙi iska har cikinsa da haƙarƙarinsa su buɗe. Na biyu, ya ɗumama murya na minti 10 kafin ya fara waƙa: ya rufe baki yana fitar da sauti ta hanci, ko ya kaɗa leɓɓansa, ko ya rera ta cikin bututun shan lemo, yana hawa yana sauka a hankali. Na uku, ya fara taɓa sautin sama da siririyar murya, ƙarfi ya biyo baya. Na huɗu, idan waƙa ta fi ƙarfin muryarsa, ya sauke ta zuwa inda zai iya, domin kowa da iyakar da aka halicce shi da ita. Gajeren atisaye kullum ya fi na awa uku a rana guda. Hausawa na cewa, sannu ba ta hana zuwa.

Hutu ma wani ɓangare ne na aikin. A ƙungiyoyin makaɗan Hausa, irin su ta Ibrahim Narambaɗa da ta Musa Ɗanƙwairo, jagora yakan bayar da waƙa, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya sami damar numfasawa.

Kula da maƙogwaro

Bushewa babbar abokiyar gabar murya ce. A ƙasar Hausa iskar hunturu da ƙurarta ne ke jawo ta, a Saudiyya na'urar sanyaya ɗaki, a Ingila da Amurka kuwa na'urar ɗumama ɗaki. Maganinta shan ruwa a kai a kai da shaƙar tururin ruwan ɗumi. Zuma da citta suna sa maƙogwaro ya ji daɗi, sai dai abin da aka haɗiye ba ya bi ta kan tantanin, saboda haka ba sa warkar da rauni. Ya kamata a guji taba da shisha da yawan gyaran murya. Idan murya ta dishe a yi shiru, domin raɗa ma takan gajiyar da ita. Zafi a lokacin waƙa alama ce ta a dakata nan take, dishewar da ta wuce mako uku kuwa sai a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Wannan shawara ta shafi ladani da malamin makaranta da mai karatun Alƙur'ani kamar yadda ta shafi mawaƙi.

Sababbin kalmomi

tsirkiya: zaren da ake kaɗawa a jikin kayan kiɗa
dishewa: rashin fitar murya sosai
kanta: taurin fata saboda yawan gogayya
raɗa: magana ƙasa-ƙasa a kunne

Tambayoyi

1. Me ke sa murya ta hau sama?
2. Wane amfani 'yan amshi ke yi wa jagora?
3. A kawo abubuwa uku da ke busar da maƙogwaro.
4. A rubuta jimloli biyar da ke ɗauke da kalmar "kada", na shawara ga mai koyon waƙa.