Hasashen Masu Kallo a Kan Ƙullin Finafinai Masu Dogon Zango

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe suna mai da hankali ga marubuci da abin da ya rubuta, amma ba safai ake waiwayar mai sauraro ko mai kallo ba. Wannan ɗan nazari zai duba wata ɗabi'a ta masu kallon finafinai masu dogon zango, wato yadda sukan ƙulla wa labari wata ɓoyayyar manufa, su ce ga makircin da mai fim ya binne a ciki wanda ba kowa ya gano ba. Za a kawo misali daga wani fim na almarar kimiyya, sa'an nan a dawo gida, a dubi yadda abin yake a ƙasar Batsari da Safana.

2.0 Misali Daga Star Wars

Almarar kimiyya ita ce ƙagaggen labarin da aka gina a kan na'urori da tafiye-tafiye a sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi. Ba baƙuwa ba ce ga adabinmu, domin tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya. A fagen fim kuwa, Star Wars jeri ne da ya tara masu hasashe da yawa. Joj Lukas ne ya fara shi a Amurka a 1977. A kashi na biyu, wanda ya fito a 1980, mugun labarin, Darth Vader, ya shaida wa tauraron, Luke, cewa shi ne mahaifinsa. Shekara uku masu kallo suka yi suna musu, wasu na cewa ƙarya ce ya shirya don ya yaudari yaron, sai da fim na 1983 ya tabbatar da maganar.

A 2015 wani hasashen ya bazu, wai Jar Jar Binks, wawan da aka gani a fim na 1999, shi ne babban mugun da ke juya kowa, wautarsa duk shigar burtu ce. Babu fim ɗin da ya gaskata wannan. Haka aka yi ta zance a kan asalin Rey, yarinyar da ta bayyana a 2015. Fim na 2017 ya ce iyayenta ba kowa ba ne, na 2019 kuma ya dawo ya ce jikar mugun sarki Palpatine ce. Wannan sauyin ya nuna cewa wani lokaci masu fim ɗin ma ba su gama yanke shawara ba, alhali mai kallo yana can yana rantsuwa cewa tun farko an tsara komai.

3.0 Yadda Abin Yake a Gida

Bahaushe ya saba da irin wannan tunani tun daga dandali. Yaron da ya ji tatsuniyar Gizo ya san cewa duk inda Gizo ya yi ladabi akwai abin da yake nufi. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ya ga yadda Waziri yake nuna biyayya a fili yana ƙulla cin amana a ɓoye. Kacici-kacici ma horo ne na neman abin da aka lulluɓe.

Da shirye-shirye masu dogon zango suka shigo, irin su Kwana Casa'in na tashar Arewa24, da Labarina na Aminu Saira, da Izzar So na Lawan Ahmad, sai wannan tsohuwar ɗabi'a ta sami sabon fage. A Batsari da Safana, kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, samari kan karɓi fim a waya daga shagon masu turawa, kana a baje shi a teburin mai shayi ko a majalisa. Mako guda da ke tsakanin fitowa da fitowa shi ne lokacin hasashe. A Kwana Casa'in, wanda aka gina a kan siyasar wata ƙagaggiyar jiha mai suna Alfawa, akan yi ƙoƙarin gano wane ɗan siyasa na zahiri ake yi wa zambo. A Labarina kuwa, da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, hasashe ya tsallake labarin ya koma kan 'yan wasan kansu.

4.0 Dalilai

Ana iya kawo dalilai uku. Na farko, marubucin fim da gangan yake barin giɓi a ƙarshen kowace fitowa don a dawo, zuciyar ɗan Adam kuwa ba ta ganin giɓi ta ƙyale. Na biyu, wanda ya faɗi abu ya zo ya tabbata yakan sami girma a majalisa, wanda bai tabbata ba kuwa an manta da shi kafin mako ya zagayo, saboda haka babu hasara ga mai hasashe. Na uku, duk wanda aka taɓa mamaya sau ɗaya, kamar masu kallon 1980, ba ya sāke yarda da fuskar kowa a cikin labarin.

5.0 Amfani da Illa

Amfanin abin a fili yake ga ɗalibin adabi. Mai hasashe yana lura da zubi da tsari, yana riƙe kalmar da aka faɗa tun fitowa ta uku, yana auna halin tauraro da aikinsa. Wannan shi ne matakin farko na tarke, ko da mai yin sa bai san sunansa ba.

Illar tana zuwa ne idan aka ɗauki wannan ma'auni aka kai shi rayuwa. A cikin fim, ruwa ba ya tsami banza, domin akwai marubucin da ya ajiye kowace alama da nufi. A gari kuwa mutum kan fita da asuba ko ya yi sabuwar riga ba da wata manufa ba. Ƙasar Batsari da Safana, da ke gefen dajin Rugu, ta sha wahalar 'yan bindiga, har a 2021 aka katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina, ciki har da waɗannan biyu. A wurin da tsoro ya yi yawa, labari kuma ya yi ƙaranci, cewa wane yana kai wa ɓarayi rahoto ba hira ba ce. Hasashen da aka yi wa Jar Jar bai cuci kowa ba, amma irinsa a kan maƙwabci yana iya raba shi da gidansa ko da ransa. Shi ya sa magabata suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

6.0 Kammalawa

Shawarar wannan nazari ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, mu ɗauki hirar majalisa a kan finafinai a matsayin abin bincike, mu tattara ta kamar yadda ake tattara tatsuniya da karin magana. Ga malamanmu kuma, ana roƙon a shigar da ita cikin darasin tarke, a koya wa ɗalibi ya riƙa tambayar kowane hasashe: ina hujjarsa a cikin matani, kuma wace hujja ce za ta rushe shi? Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi biyu a kan fim, da wuya ya karɓi jita-jita a kan mutum ba tare da ya yi su ba.