POP3 Ko IMAP: Inda Wasiƙarka Take Kwana

Bara, lokacin da nake koyon sanin makamar aiki a wani ofis kusa da Ƙofar Ƙaura, kwamfutar sakatare ta mutu murus wata Litinin. Aka sayo sabuwa, aka ce ni ɗan Poli in mayar da imel ɗin ofis. Na haɗa komai, akwatin ya buɗe fayau, ko wasiƙa ɗaya babu. Takardun kwangila, rasit, duk sun bi tsohuwar. Oga ya kalle ni kamar ni na cinye su. Sai daga baya na gano dalili: da POP3 aka saita ta.

Wannan ne ya sa na zaɓi haɗa uwar garken imel a matsayin aikin kammala difloma ta a nan Hassan Usman Katsina, kuma ga abin da na so a ce wani ya faɗa mini tun farko.

Aikin imel kashi biyu ne. Akwai manhajar da ke kai wasiƙa da karɓarta daga waje, irin su Postfix. Akwai kuma wadda ke miƙa maka wasiƙar idan ka buɗe wayarka. Ta biyun nake magana a kai, kuma kafin ka zaɓe ta sai ka zaɓi ƙa'idar da za ta bi.

POP3 kamar akwatin gidan waya ne: ka zo, ka kwashe, ka tafi da su gida. Akwai damar barin kwafi a uwar garke, amma sai an kunna ta, kuma a ofishin nan ba wanda ya kula. IMAP kuwa, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986, a uwar garke yake barin wasiƙu. Abin da ka karanta a waya, za ka tarar an karanta shi a kwamfuta. Ba na cewa POP3 ba shi da rana fa. Idan wurin ajiyarka kaɗan ne kuma na'ura ɗaya ce tak, zai yi. Amma yau wa ke da na'ura ɗaya?

Manhajoji uku na gwada a wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu. Cyrus, na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, yana da ƙarfi, sai dai saitinsa ya cinye mini sati guda. Na manyan wurare ne. Courier ya yi aiki. Dovecot, wanda Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland ya fitar a 2002, shi ya tsaya mini: yana jin POP3 da IMAP duka, kuma bayanin kuskurensa a fili yake, ba sai ka yi duba ba.

To, abin da ya fi damun mu a Katsina shi ne wuta, kuma nan ne tsarin ajiya yake shigowa. A tsarin mbox, duk wasiƙun akwati a fayil ɗaya suke. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa. A Maildir kowace wasiƙa da fayil ɗinta: ana fara rubuta ta a jakar tmp, sai ta kammala a mayar da ita new. Da gangan na zare filogi sau uku ana cikin aiko saƙo. Tsofaffin wasiƙu ko ƙwarzane ba su yi ba, kuma Dovecot ya gyara jadawalinsa da kansa.

Kada ka manta da ƙofofi: 110 da 143 na asali ne, amma 995 na POP3 da 993 na IMAP su ne masu rufa sirri. Na rufe na farkon, don kada kalmar sirri ta riƙa yawo tsirara a intanet ɗin da kowa ke hawa.

Sauran abu ɗaya da malamin da ke duba aikina ya tambaye ni, na yi shiru: idan uwar garken ce da kanta ta mutu fa? Da IMAP duk ƙwan a can suke. Yanzu haka ina haɗa kuɗin ma'ajiya ta biyu kafin ranar kare aiki.