Darasi: Kiwon Kifin Beta a Ɗaki

Mai karatu, beta ɗan kifi ne mai launi. Asalinsa gonakin shinkafa na ƙasar Tailan. Ba na miya ba ne, na ado ne.

Samo akwatin gilashi mai cin lita 20. Yi masa murfi, don yana tsalle, amma bar sarari a sama, saboda yakan leƙo ya shaƙi iska.

Kada ka haɗa maza biyu. Faɗa za su yi, ɗaya ma yana iya mutuwa.

Ruwan famfo akwai magani a ciki. Bari ya kwana biyu a buɗe tukuna. Kowane mako ka sake kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Ba shi abinci kaɗan, ragowa tana ɓata ruwa. Yana son tsutsar sauro ƙwarai.

Da hunturu kawar da shi daga bakin taga. Ba ya jure sanyi.