Amsar Tambaya: Motata na kakkarwa a silo, tana mutuwa

Tambaya: Land Cruiser gare ni mai injin gas, ina shiga daji da ita. Kwanan nan in ta tsaya sai inji ya riƙa kakkarwa, wani lokaci ya mutu. Bakanike ya ce a kwance famfon injekta. In yarda?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Famfon nan shi ya fi tsada, shi ne kuma na ƙarshe da za a zarga.

Fara da mai. Gas ɗin jarka da ake saye a bakin hanya yakan zo da ruwa da datti. Kwance makunnin da ke ƙarƙashin filtar mai, ka tsiyaye ruwan, sannan ka sauya filtar. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

In ba ta daina ba, mai yiwuwa iska ce ke shiga layin mai. Jijjigar hanyar daji na tsaga tiyo, ta sassauta kilif. Sa tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, ka tada inji. In ka ga kumfa na wucewa, ka kama ɓarawon. Buɗe murfin tanki kuma: in ya yi huci, ƙofar iskarsa ta toshe.

Dubi hayaƙi. Baƙi na nuna ƙura ta cike iyakilina, ko nozul ya lalace. Fari da sanyin safiya, wanda ke wucewa in inji ya ɗumama, yawanci hita ce ta mutu.

A tsohon inji irin 1HZ, bakanike kan sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta ƙarar injin ba ta canza ba, shi ne mai laifi. Kada a gwada haka a sabon inji mai kwamfuta, ƙarfin man yana iya huda fata. Wannan sai na'urar bincike.