HUKUNCIN ALLURAR TSINKA JINI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗalibina ya kawo mini tambaya game da matarsa mai juna biyu, wadda jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa. Likita ya rubuta mata allurar Clexane kullum a ƙarƙashin fata, sai ta ji an ce da alade ake yin ta, ta ƙi yarda.

Abin da ta ji gaskiya ne. Wannan allura dangin hefarin ce, maganin da aka gano a Amurka cikin 1916, kuma daga hanjin alade ake tato mafi yawansa. Aikinta shi ne ta hana gudan jinin girma, ta hana wani sabo, har jiki ya narkar da shi. In an bar shi, yana iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu, mutum ya mutu farat ɗaya. Ƙwayar wafarin kuwa, wadda ake ba wasu, tana ratsa mabiyiya ta cuci ɗan tayi. Hefarin ba ya ratsawa.

To, ya 'yan'uwa, ayar da ta haramta alade, wato ta 173 cikin Suratul Baƙara, ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta matsa wa. Malamai suka gindaya sharaɗi: masanin likita amintacce ya tabbatar da bukatar, a kuma rasa abin da zai tsaya a madadinsa. A Muhtasar ma an gabatar da mushe a kan alade ga matsattse, wato ba a zuwa gare shi sai an rasa waninsa. Akwai allurar Arixtra wadda babu dabba a cikinta, sai dai ba a gwada ta ga masu ciki sosai ba. Saboda haka zaɓin na likita ne.

Wasu malamai sun ce sarrafawa ta riga ta juyar da asalin abin, ya tsarkaka. Ni dai hujjar lalura ta fi kwanta mini, don babu mai jayayya a kan ayar.

Batun azumi kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda cikin 1997, ta zartar cewa allurar da ba ta abinci ba ba ta karya shi.

Na ce masa ya koma gida a yi mata allurarta tun daren nan, don rai biyu ne a wuyansa. Allah ne Mafi sani.